Mita ta ce batir a cike yake, inbata kuma ta ƙi ɗaukar firji: wa ke ƙarya?

Tun da sola ta shiga gidaje da shaguna, akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin masu sayar da batir da masu saye. Mutum ya dawo da batir yana cewa ya mutu, domin da an kunna firji sai inbata ta fara kuka ta ɗauke. Mai shago ya ɗauko mita, ya ɗora jan tsinke a kai ɗaya, baƙin a ɗayan, ya juyo masa da fuskarta: "Alhaji, duba da idonka, 12.6. Ko sabo fil iyakarsa ke nan." Wannan ya rantse, wancan ya rantse, kuma a cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Irin haka ake yi a wurin masu wayarin mota idan mota ta ƙi tashi da safe. Haka ma a gidan da soket ke nuna bolt 228, amma da an jona dutsen guga sai ƙwan ɗaki ya yi ja kamar garwashi.

Yaya za a yi wuta ta cika a mita amma ta gaza a wurin aiki? Amsar tana cikin wata lamba ta biyu wadda mita ba ta nunawa kai tsaye. Injiniyoyi suna kiranta tirjiyar Thévenin, wato tirjiyar da lodi ke cin karo da ita idan ya waiwayi wurin da wuta ke zuwa masa. Ɗaliban lantarki a kwalejojin fasaha da jami'o'i suna haddace ta don jarrabawa, da yawansu kuma ba su taɓa haɗa ta da rigimar da ake yi a bakin shagon batir ba.

Kalmomi huɗu kafin a shiga

Ka ɗauki tankin ruwa da ke saman gini, da fayif ɗin da ya sauko daga shi zuwa famfo. Matsin ruwan, wanda tsayin tankin ke bayarwa, shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne amfiya, abin da masu gyara ke ce wa karant. Ƙuncin fayif da dattin da ya toshe shi su ne tirjiya, ana auna ta da om. Lodi kuwa shi ne duk abin da ke shan wutar: ƙwai, firji, fanka, kik ɗin mota.

A shekarar 1827 Bajamushe Georg Ohm ya wallafa dangantakar da ke tsakanin ukun farko: bolt ɗin da ke faɗuwa a kan wata tirjiya daidai yake da amfiya sau om. Amfiya 2 ta ratsa om 5, bolt 10 sun tafi. A lura da abin da hakan ke nufi idan babu abin da ke gudana. Amfiya sifili sau kowace tirjiya, komai girmanta, sifili ne. Famfo a rufe, ko fayif ya toshe saura ƙofar allura, ma'aunin matsi zai nuna cikakken matsin tanki. Sai ka buɗe famfon ne za ka ga ruwa na ɗiga. Mitar mai shago famfo a rufe take aunawa, domin abin da take ja daga batir bai kai a kira shi karant ba.

Abin da lodi yake gani

A 1883 wani injiniyan wayar tangaraho a Faransa, Léon Charles Thévenin, ya wallafa wata ƙa'ida mai sauƙin faɗi. Duk yadda da'irar lantarki ta kai ga cakuɗewa, batura goma, razista ɗari (ƙananan kayan da ake sawa don su ba da tirjiya), wayoyi sun sarƙe, in dai ta wayoyi biyu take ba lodi wuta, to a wurin lodin ba ta da bambanci da abu biyu kacal: tushen wuta guda ɗaya, da tirjiya guda ɗaya a jere da shi. Tushen shi ne bolt ɗin da za ka samu a bakin wayoyin idan an cire lodi. Tirjiyar ita ce wadda muke nema.

Ba shi ya fara ganowa ba. Hermann von Helmholtz ya rubuta abin tun 1853 a Jamus, shekara talatin kafin nan, amma sunan Bafaranshen ne ya bi ƙa'idar. A 1926 kuma Edward Norton na Bell Labs a Amurka da Hans Ferdinand Mayer na Siemens a Jamus, kowa a gefensa, suka fito da tagwayenta, inda ake maye da'irar da tushen karant (mai tura amfiya tsayayyiya ko wane lodi aka sa) da tirjiya kafaɗa da kafaɗa, wato kawunansu biyu a haɗe da juna. Tirjiyar da ke cikin siffofin biyu ɗaya ce, don haka wanda ya same ta sau ɗaya ya huta.

Ba mamaki ma'aikacin tangaraho ne ya matsa wa wannan tambaya. Aikinsa layuka ne masu tsawon ɗaruruwan kilomita, da batura a tasha, da na'ura a can ƙarshe. Duk lokacin da aka canja na'urar karɓa, ba zai so ya sake lissafin layin gaba ɗaya ba. Yana son lambobi biyu da za su tsaya a madadin duk abin da ke bayan na'urar.

Yadda ake lissafa ta a takarda

Abu na farko, kuma wanda ake yawan mantawa, a cire lodin. Shi ne mai kallo, ba ya cikin abin da ake kallo. Sai a kashe duk tushen wuta da ke cikin da'irar, kuma kashewar tana da ka'ida. Inda batir yake, a goge shi a ja waya miƙaƙƙiya a gurbinsa. Inda tushen karant yake, a goge shi a bar wurin a yanke. Dalili: batir da aka mayar da bolt ɗinsa sifili abu ne da babu bambancin matsi tsakanin kawunansa biyu ko me ya ratsa shi, wannan kuwa siffar waya ce. Tushen karant da aka mayar sifili ba ya barin komai ya wuce, wannan siffar yankakkiyar waya ce. Bayan haka sai ka tsaya a bakin wayoyi biyun da lodi ya bari, ka dubi ciki, ka tattara tirjiyoyin. Waɗanda ke a jere ana tara su. Biyu da ke kafaɗa da kafaɗa ana ninka su da juna a raba da jimlarsu.

Ga misali. Batir mai bolt 24. Daga kansa an sa razista mai om 4. A ƙarshenta hanya ta rabu biyu: razista mai om 12 ta koma ɗaya kan batirin, razista mai om 2 kuma ta nufi lodi. An cire lodi. Karant yana zagaya om 4 da om 12 ne kawai, 24 a raba da 16, amfiya 1.5. A kan om 12 akwai bolt 18 ke nan, kuma da yake babu abin da ke ratsa om 2, a bakin wayoyin ma 18 za a samu. Lamba ta farko ta fito.

Yanzu a maye batir da waya. Nan take om 4 da om 12, waɗanda ɗazu suke a jere, suka koma kafaɗa da kafaɗa, saboda kawunansu biyu sun haɗu. 4 sau 12, 48. A raba da 16, om 3. A ƙara om 2 da ke kan hanya, om 5. Duk da'irar ta zama bolt 18 da om 5.

A nan ɗalibai ke faɗuwa. Wani zai tara 4 da 12 da 2 ya ce 18. Wani zai tsaya a wurin batir ya yi lissafi daga can. Da'ira ɗaya ce, amma tirjiyarta ta dogara da ƙofar da ka leƙo ta ciki: idan an sa lodi mai om 4, batir yana ganin om 8 a gabansa, alhali lodi yana ganin om 5 a bayansa. Duk biyun daidai ne, tambayoyin ne daban.

Daɗin abin yana zuwa idan aka fara canja lodi. Sa om 13, jimla 18, karant amfiya 1, lodi ya samu bolt 13. Sa om 4, amfiya 2, bolt 8. Sa om 1, amfiya 3, bolt 3 kacal. Bolt 18 ɗin da mita ta nuna babu lodin da ya taɓa samunsu, kuma duk yadda lodi ya ƙara ja, rabonsa raguwa yake yi.

Na taɓa ganin wani yaro mai koyon gyaran rediyo ya shiga wannan tarko da hannunsa. Yana son bolt 6 daga batir mai 12, sai ya jera razista biyu masu om 1000 kowace, ya ɗauki wuta daga tsakiya. Mita ta nuna 6 cif, har ya yi murmushi. Da ya jona ƙaramar rediyon ko tari ba ta yi ba. Ya kira maigidansa: "Oga, wallahi shida ce, na auna." Shida ce, amma a bayanta akwai om 500, domin 1000 da 1000 kafaɗa da kafaɗa 500 suke bayarwa. Lodi mai om 100 a gaban wannan bolt 1 zai samu.

Akwai da'irori masu taransisto inda wani tushe yake dogara da abin da ke gudana a wani sashe. Irin wannan ba a kashe shi. Sai dai a kashe sauran, a ɗora tushen gwaji na bolt 1 a bakin wayoyin, a lissafa karant ɗin da ya shiga, a raba. Ko kuma a nemi bolt na buɗaɗɗen baki a raba shi da karant ɗin da zai gudana idan aka haɗe wayoyin biyu. A misalinmu 18 a raba da 3.6, ga 5 ta sake fitowa.

Yadda ake auna ta ba tare da an ƙona komai ba

Wannan dabara ta haɗe wayoyi a takarda take da kyau. Kada kowa ya gwada ta a kan batirin mota ko na sola, balle soket. Batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya ta cikin sifana har ta yi ja, kuma iskar da ke fita daga batir mai ruwa tana kamawa da tartsatsi. Tsohuwar al'adar nan ta goga waya a kan batir don a ga ƙarfin tartsatsinsa, a zahiri ƙoƙarin auna wannan lambar ce ta hanya mafi haɗari. Haka nan ba a juya mita zuwa om a ɗora ta kan abin da ke da wuta. Lambar da za ta bayar shirme ce, wani lokaci mitar ce za ta tafi.

Hanyar lafiya awo biyu ce. Auna bolt babu lodi. Jona lodin da ka san abin da yake ja, sake aunawa. Bolt ɗin da suka ɓace a raba su da amfiyar da lodin ya ja. Ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.6. Idan batir ya sauka daga 12.60 zuwa 12.51 da aka kunna shi, bolt 0.09 ne suka tafi, a raba da 4.6, kusan om 0.02 ke nan. Awon ba ya fita daidai ƙwarai da ƙaramin lodi haka, shi ya sa masu gwajin batirin mota na gaske suke ɗora masa rabin amfiyar tayarwa da aka rubuta a jikinsa na daƙiƙa 15, su ga ko zai tsaya a sama da bolt 9.6.

Om 0.02 kamar ba komai ba. To amma kik ɗin mota yana iya jan amfiya 150 ko fiye. Batir mai om 0.01 a ciki zai yi asarar bolt 1.5, saura 11.1, mota ta tashi. Wanda ya tsufa tirjiyarsa ta kai 0.04 zai yi asarar bolt 6, saura 6.6, sai dai ka ji "ƙas, ƙas" fitilun gaban direba na lumshewa. Da aka saki makulli, su biyun mita za ta iya nuna musu 12 da ɗoriya.

Ba batir kaɗai ba ne

Abin da ya kamata mai sola ya riƙe shi ne, inbata ba tirjiyar batir kaɗai take gani ba. Tana ganin ta batir, da ta wayar da ta haɗa su, da ta kowane kai da aka ɗaure, da ta fiyus, duk a jere. Lodi mai wat 1000 a kan tsarin bolt 12 yana jan wajen amfiya 90 daga batir idan aka haɗa da asarar inbatar kanta. Om 0.01 kacal a siririyar waya ko a kan batir da ya yi farin gari zai cinye bolt 0.9, ya mayar da wat 81 zafi. Inbatoci da yawa suna ɗaukewa a wajajen bolt 10.5. Ga firji kuma, a daidai lokacin da injinsa ke tashi yana fizgar ninkin abin da yake ja idan ya daidaita. Batir lafiyayye da mummunar waya za su ba da alamar mataccen batir sak. Dalilin da ya sa manyan tsare-tsare ke komawa bolt 24 ko 48 ke nan: a 24 karant ya ragu rabi, zafin da ke ɓata a waya ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Wutar layi ma haka. Soket ɗin ɗakinka yana da tasa tirjiyar, wadda ta haɗa taransifomar unguwa, da wayar kan fal-fal, da wadda aka jawo zuwa gida, da wayarin cikin bango. Idan soket ya sauka daga 228 zuwa 216 da aka jona dutsen guga mai jan kusan amfiya 4, om 3 ne a bayansa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 murabba'i tana da kusan om 0.0115 a kowace mita. Wanda ya jawo wuta da ita daga nisan mita 100, zuwa da dawowa mita 200 ne, om 2.3 daga wannan wayar kaɗai. Idan alminiyam ce mai kauri ɗaya, tirjiyar ta ninka sau ɗaya da rabi da 'yan kai. Ana yawan ɗora wa taransifoma laifin da rabinsa a cikin gida yake. Wani ɓangaren tirjiyar kuma na tarayya ne da maƙwabta, shi ya sa mai walda a bakin layi yana kunna injinsa ƙwanka ke rawa. Sitabilaiza tana ɗaga bolt, gaskiya ne, amma ƙarin karant take ja ta cikin wannan wayar dai, don haka a layin da ya riga ya yi rauni sai ta ƙara danne na kusa da kai.

Inda masana kansu ke rabuwa da masu haddar littafi

A ajin lantarki, bayan Thévenin sai a koyar da wata ƙa'ida da ake danganta wa Moritz von Jacobi tun wajajen 1840: lodi yana samun wat mafi yawa idan tirjiyarsa ta yi daidai da ta abin da ke ba shi wuta. A misalinmu na ɗazu, lodi mai om 5 yana samun wat 16.2, mai om 13 yana samun 13, mai om 1 yana samun 9. Gaskiya ce. Sai wasu su fito da fahimtar cewa kullum daidaitawa ake so.

A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa a tsakanin waɗanda suka yi karatun. A daidai wurin da tirjiyoyin suka yi kunnen doki, rabin ƙarfin a cikin tushen yake ƙonewa. Babu mai hankalin da zai so batirinsa ko janaretansa ya yi aiki a haka. A harkar wutar gida da sola da mota, abin nema shi ne tirjiyar tushe ta yi ƙasa ƙwarai da ta lodi. Daidaitawa tana da gidanta a harkar sigina, inda abin da ake kamowa ɗan mitsitsi ne kuma ba a son ya yi tsalle ya koma baya a cikin waya. Shi ya sa wayar eriyar talabijin take om 75, ta na'urorin aika saƙon rediyo kuma galibi om 50. Sifika mai om 8 ma ba tana nufin amfilifaya tana da om 8 a cikinta ba. Ta zamani tirjiyar bakinta ƙasa take da om 1 nesa.

Ƙa'idar kanta tana da iyaka. Tana aiki cif ne a kan kayan da ke bin dokar Ohm sau da ƙafa. Batir yana bin ta ne sama-sama, domin tirjiyarsa tana hawa idan caji ya ragu, ko sanyi ya yi yawa, ko ya tsufa. Faifan sola kuwa ba ya bin ta: wanda ake kira na bolt 12 yana nuna wajen 21 ko 22 a buɗe, ya yi aikinsa mafi kyau a wajen 17 ko 18, daga nan ƙasa karant ɗinsa kusan ba ya motsi. A nan raba bolt na buɗaɗɗen baki da karant ɗin haɗe wayoyi ba zai ba ka lamba mai amfani ba. A wutar layi mai kai da kawowa sau 50 a daƙiƙa kuma, naɗin wayar taransifoma da na injuna suna ƙara nasu cikas ɗin, lissafin ya ɗan faɗaɗa, ko da yake tsarin tunanin bai canja ba.

To, mai shago ko Alhaji?

Awon mai shago ya tabbatar da abu ɗaya: batirin yana da caji a lokacin. Bai ce komai ba game da ko zai iya ba da amfiya 90. Ƙorafin Alhaji ya tabbatar da cewa tirjiyar da inbatarsa ke gani ta yi yawa, amma bai nuna a ina take ba. Abin da zai raba gardamar shi ne a kunna lodin, a auna a wuri biyu yana cikin ja: a kan dalmar batirin kanta, sannan a bakin inbata. Idan bolt ya zube tun a kan batir, batirin ne, a canja masa. Idan a kan batir yana 12.1 amma a bakin inbata 10.6, bolt 1.5 ɗin nan a hanya suka salwanta. Sai a bi wayar da tsinken mita gaɓa-gaɓa, ko a kashe komai a shafa da bayan hannu. Kan da ya yi ɗumi, ko noti da ya saki, ko wurin da aka murɗa waya biyu aka naɗe da salatif, a nan om ɗin suke zaune.